Allon saƙon gari: Tsohuwar fasahar da za ta iya amfanar Nguru da Gashuwa ranar da sabis ya ɗauke

A ranar 14 ga Mayun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa. Cikin 'yan kwanaki sabis ɗin waya ya ɗauke a jihohin uku bisa umarnin hukumomin tsaro, waɗanda ke son hana mayaƙan Boko Haram tsara hare-hare ta waya. A Yobe sai cikin watan Yuli aka maido da shi. Kimanin wata biyu ke nan ɗan kasuwar Nguru ba shi da hanyar jin farashin shinkafa ko na kifi a Gashuwa sai ya shiga mota, ko ya jira wanda ya fito daga can. Masu hali kan tsallaka jihohin maƙwabta domin kiran minti biyar kawai.

Matakin ya zo da nasa hasarar. Bayan harin da aka kai makarantar sakandaren gwamnati ta Mamudo, kusa da Potiskum, a ranar 6 ga Yuli, Gwamna Ibrahim Gaidam da kansa ya nemi a maido da sabis, bisa hujjar cewa rashin waya ya hana jama'a sanar da jami'an tsaro abin da suke gani.

Akwai wani abu da waɗannan makonni suka fallasa wanda ba a cika tattaunawa a kansa ba. Wayoyin da ke aljihun mutane lafiyarsu ƙalau, kwamfutocin da ke ofisoshi da makarantu ma haka, amma waya biyu da ke layi ɗaya a unguwa ɗaya ba su iya isar wa juna da ko kalma guda. Dalili kuwa shi ne babu saƙon da ke tafiya kai-tsaye daga wannan waya zuwa waccan. Sai ya hau turken sadarwa, ya bi ta cibiyar kamfani, idan kuma na WhatsApp ne ya ratsa manyan kwamfutocin kamfanin da ke nesa da garin, sannan ya dawo wa maƙwabcin da katanga ce kawai ta raba su. Duk inda igiyar ta tsinke a wannan doguwar tafiya, gari ya yi shiru.

Abin bai tsaya a 2013 ba. A watan Satumban 2021 an rufe sabis a Zamfara, daga baya a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A ranar 14 ga Maris ɗin 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, har bankuna a Najeriya suka shiga ruɗani. A Janairun 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, wanda ga mai ƙaramin ƙarfi shi ma wani nau'in katsewa ne.

Akwai tsohuwar fasaha da aka gina ta tun asali domin irin wannan yanayi na layi mai tsada da rashin tabbas. Turawa na kiranta BBS a taƙaice. Da Hausa za a iya ce mata allon saƙo: kwamfuta guda ɗaya a cikin gari, wadda mutane ke shiga su rubuta saƙo su tafi, wasu su zo daga baya su karanta su ba da amsa, kamar allon sanarwar da ake kafewa a ƙofar sakatariya ko a harabar makaranta.

Daga Shikago zuwa Nairobi

Allon farko ya samu ne a birnin Shikago na Amurka. A Janairun 1978 dusar ƙanƙara ta rufe birnin, ta hana mutane fita. Ward Christensen, ma'aikacin kamfanin IBM, da abokinsa Randy Suess suka yi amfani da zaman gidan wajen haɗa wata na'ura: shi ya rubuta manhajar, abokin ya harhaɗa ƙarafan. A ranar 16 ga Fabrairun 1978 allon nasu mai suna CBBS ya fara aiki. Layin tarho ɗaya gare shi, saboda haka mutum ɗaya ke iya shiga a lokaci guda, kuma rubutu na fitowa a kan allo da saurin da ido zai iya bi harafi bayan harafi. Christensen ya rasu a watan Oktoban 2024.

Matsalar irin waɗannan alluna ita ce kowanne tsibiri ne. A 1984 Tom Jennings ya warware ta da tsarin FidoNet. Kowane allo zai tara saƙonnin da aka rubuta da rana, ya matse su cikin ƙunshi ɗaya, idan dare ya yi kuɗin kira ya sauka sai ya kira allon da ke kusa da shi, su yi musayar ƙunshi cikin 'yan mintoci su kashe. Haka saƙo ke tafiya zango-zango, kamar yadda fatake ke miƙa wasiƙa daga wannan ayari zuwa wancan, har ya tsallaka teku. A tsakiyar shekarun 1990 allunan da ke cikin wannan tsari sun kusa 40,000, an kuma raba duniya shiyya-shiyya, Afirka ta zama shiyya ta 5.

Ta wannan hanya ce ƙungiyoyi da masu bincike da yawa a Afirka suka fara sanin imel, tun kafin intanet ta iso ƙasashensu. Ƙungiyar GreenNet da ke Landan ta buɗe wata ƙofa mai suna GnFido, wadda ke kiran alluna a wurare irin su cibiyar ELCI a Nairobi, da ENDA a Dakar, da PADIS a Addis Ababa. Daga Landan ake yin kiran, domin ya fi araha a kira Afirka daga can fiye da a kira can daga Afirka. Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu ma da FidoNet ta fara musayar imel da Amurka a ƙarshen shekarun 1980.

Najeriya ba ta ci moriyar wannan zamani sosai ba, saboda allon wancan lokacin da layin tarho yake rayuwa, layukan NITEL masu aiki kuwa ba su kai rabin miliyan ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 100. Da GSM ta zo a watan Agustan 2001 sai aka tsallake matakin gaba ɗaya. Mutanen arewacin Yobe, kamar sauran 'yan ƙasa, sun fara sanin sadarwar zamani ne a matsayin abin da kamfani ke sayarwa. Cewa gari zai iya mallakar nasa allon ya kuma gudanar da shi bai taɓa shiga lissafi ba.

Duk da haka dabarar ba baƙuwa ba ce a Arewa. Duk mai shagon tura fina-finai da karatuttuka a memori, wanda ke sauke kaya sau ɗaya ya raba wa mutum ɗari, da duk matashin da ke tura wa abokinsa bidiyo ta Xender ko Bluetooth ba tare da data ba, aikin ajiye-ka-miƙa yake yi. Abin da allon saƙo ke ƙarawa shi ne tsari, da kuma damar mai karɓa shi ma ya rubuta.

Yadda ake kafa shi a yau

Manhajojin allo ba su mutu ba. Biyu daga cikin waɗanda aka fi amfani da su har yanzu su ne Synchronet, wadda Rob Swindell ya fara a 1991 kuma a yau kyauta ce kowa na iya ganin yadda aka rubuta ta, da Mystic ta James Coyle. Dukansu sun daina dogaro da layin tarho. Suna aiki a kan Windows da Linux, kuma ana iya ɗora su a kan tsohuwar kwamfutar ofis da aka jingine, ko a kan Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar nan da ba ta wuce tafin hannu ba.

Kayan da ake buƙata kaɗan ne: kwamfutar da za ta zama uwar garke, da na'urar rarraba Wi-Fi, da wutar da ba ta yankewa. Ba a buƙatar intanet sai a ranar farko, domin sauko da manhajar. Mai kafawa zai ba kwamfutar adireshi na dindindin a cikin ƙaramar hanyar sadarwar, misali 192.168.1.10, don kada ya riƙa sauyawa duk lokacin da aka kashe aka kunna. Duk wayar da ta kama Wi-Fi ɗin za ta iya isa allon ta wannan adireshi, babu kati babu data. Na'urar rarrabawa irin ta cikin ɗaki ba ta wuce 'yan mitoci gommai, ginin ƙasa mai kauri da rufin kwano kuma suna rage mata ƙarfi. Irin ta waje da ake ɗaurawa a kan dogon ƙarfe na iya kaiwa ɗaruruwan mitoci idan babu abin da ya tare. Ke nan allo ɗaya zai ishi harabar makaranta ko wani sashe na kasuwa, ba gari sukutum ba.

Daga nan sai a zaɓi ƙofar shiga. Ta gargajiya ita ce Telnet, mai lamba 23, wadda ke nuna rubutu zalla. Tana da aibi babba: kalmar sirri na tafiya a fili, duk wanda ke kan Wi-Fi ɗin kuma ya san hanya zai iya tsinto ta. SSH, mai lamba 22, tana lulluɓe abin da ake aikawa. Amma dukansu biyun na buƙatar wata manhaja ta musamman a waya, wanda hakan zai kori yawancin mutane tun daga bakin ƙofa. Synchronet na da shafin da ake buɗewa da burauzar waya kamar kowane shafi, kuma ga Nguru ko Gashuwa wannan ce ƙofar da ta dace a sa a gaba. Wani ƙaramin abu da kan rikita sabon shiga: wayoyin Android idan suka kama Wi-Fi marar intanet sukan yi gargaɗi, wasu ma su koma kan data da kansu. Dole a rubuta wa mutane a jikin bango cewa su zaɓi ci gaba da zama a kai.

Sai rabon ɗakuna, wato sassan da ake ajiye saƙo bisa maudu'i. A nan ne ake gane ko mai kafawa ya san garinsa. Manhajar za ta bar shi ya buɗe ɗaki ɗari idan yana so, amma ɗakin da mutum ya leƙa sau biyu ya tarar babu kowa ba ya sake komawa. Huɗu ko biyar sun isa a fara da su.

A wannan yanki ɗakin farko na ruwa ne. Nguru da Gashuwa na zaune a bakin dausayin Haɗeja da Nguru, inda ruwan kogunan Haɗeja da Jama'are ke bazuwa kafin ya tattaru ya zama kogin Yobe a wajajen Gashuwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yawan ruwan da ke isowa da lokacin isowarsa sun ta'allaƙa da shawarar da ake yankewa a can sama, ɗaruruwan kilomitoci daga manomin shinkafa da masunci da makiyayin da abin zai shafa. Ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa ta ƙara dagula lissafin, ruwa ya yi yawa a inda ba a so, ya yi ƙaranci a inda ake jira. Ambaliyar 2022 ta taɓa Gashuwa da ƙauyukanta sosai. Hukumar NIHSA na fitar da hasashen ambaliya duk shekara, NiMet na fitar da na damina, amma sau da yawa takardun na ƙarewa ne a shafukan intanet da Turanci. Ɗaki guda da za a riƙa sa taƙaitaccen bayaninsu da Hausa, tare da rahoton da mutanen bakin kogi ke kawowa cewa yau ruwa ya kai wuri kaza, shi kaɗai ya isa dalilin kafa allon.

Bayansa sai farashin kasuwa, da cigiya, da sanarwar rasuwa da ɗaurin aure, da al'amuran makarantu. Akwai kuma rumbun fayil, inda ake ajiye littattafai da takardu don mutane su sauke. Manhajar Kiwix na ba da damar ajiye Wikipedia gaba ɗayanta, har da ta Hausa, a kan kwamfutar guda, a karanta ba tare da intanet ba. Ya kamata a ajiye kwafin duk manhajar wayar da ake buƙata a cikin rumbun, domin ranar da sabis ya ɗauke ba za a iya zuwa Play Store ba.

Kowane mai shiga na da matsayi, wanda lamba ke nunawa. A Synchronet lambobin daga 0 ne zuwa 99, na 90 zuwa sama na masu gudanarwa ne. Da su ake tsara wanda zai karanta kawai, da wanda zai rubuta, da wanda zai iya gogewa. Hikima ita ce sabon shiga ya fara da karatu, sai an tabbatar da ko shi wane ne a ɗaga shi. Ɗakin ruwa da na lafiya kuwa a taƙaita rubutu a cikinsu ga mutanen da aka sani.

Akwai tarko guda da ya shafi Hausa kai-tsaye. Tsofaffin alluna na amfani da jerin haruffa na kwamfutocin IBM na farko, mai suna CP437, wanda babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa. Idan ba a sauya saitin zuwa UTF-8 ba, aka kuma gwada shi a kowace ƙofa, haruffan za su fito a matsayin alamar tambaya ko wani zane marar ma'ana. Mai neman ɓarawon akuya ya wayi gari yana cigiyar abin da ba a iya karantawa. Abin ya fi tsanani ga Badanci, harshen Gashuwa, wanda rubutunsa ke da harafin ə bayan masu lanƙwasa. Ƙamus ɗin Badanci da Turanci da Hausa da aka samar ƙarƙashin aikin binciken harsunan Yobe na marigayi Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles na cikin irin kayan da suka cancanci zama a rumbun allon Gashuwa, idan an samu izinin masu shi.

Wuta, zafi da agogo

Saita manhaja aikin yini ɗaya ko biyu ne ga wanda ya saba da kwamfuta. Abin da ke kashe irin waɗannan ayyuka a ƙasar zafi ya fi zama na ƙarfe da wuta.

Lissafin wutar ba shi da wuya. Raspberry Pi da na'urar Wi-Fi tare ba su cika wuce wat 15 ba, wato kimanin wat 360 a awa 24. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 na ɗauke da kimanin 1,200, amma idan na dalma ne rabinsa kawai ya kamata a riƙa ja in ana so ya yi ƙarko. Farantin sola mai wat 150 ya isa ya cika shi a ranar da ta buɗe, muddin ana share masa ƙura, musamman lokacin hunturu da hazo. Ya fi kyau a ja wutar kai-tsaye daga batir ta ƙaramar na'urar rage ƙarfi, a kauce wa inbata, wadda ke cin nata rabon ko ba a aiki. Babbar barazana ga batirin kuwa ita ce jama'a: duk inda aka ga soket mai wuta dare da rana, cajin waya zai taru a kansa.

A watannin Afrilu da Mayu zafin Nguru kan haura digiri 40. Raspberry Pi na rage wa kanta gudu idan cikinta ya kai wajen digiri 80, wanda a ɗaki mai rufin kwano ba abu ne mai nisa ba. Tana buƙatar inuwa da iska da 'yar fanka. Katin memorin da take aiki da shi kuma na iya lalacewa idan wuta ta yanke tana cikin rubutu, don haka kwafin ajiya a filas daban, aƙalla sau ɗaya a mako, wajibi ne.

Sai agogo, wanda kusan kowa ke mantawa da shi. Yawancin samfuran Raspberry Pi ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya idan an kashe su, daga intanet suke tambayar lokaci. Allon da ba ya kan intanet, idan ya mutu ya farfaɗo, zai riƙa buga wa saƙonni kwanan watan da ba daidai ba. A ɗakin cigiya wannan abin dariya ne, a ɗakin ambaliya kuwa haɗari ne, domin gargaɗin jiya da na makon jiya ba ɗaya ba ne. Maganin ɗan ƙaramin agogo ne mai batirinsa da ake maƙala wa kwamfutar, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Tsakanin garuruwan biyu

Nguru da Gashuwa na da tazarar kimanin kilomita 65, hanyar ta bi ta Jajimaji. Haɗa su da Wi-Fi kai-tsaye na buƙatar dogayen turaku da kuɗi mai yawa. A nan ne dabarar FidoNet ke da amfani. Idan akwai sabis, allunan biyu za su iya kiran juna ta intanet sau biyu ko uku a rana su yi musayar ƙunshi. Rubutu ba shi da nauyi: saƙo dubu ɗaya mai kalma 200 kowanne bai kai nauyin hoto guda da wayar zamani ke ɗauka ba. Kowane saƙo na ɗauke da lambar shaidarsa da jerin allunan da ya riga ya bi, saboda haka ba ya maimaituwa ko ya yi ta zagaye.

Idan babu sabis, ƙunshin dai fayil ne. A kwafe shi a filas, a ba direban motar haya da safe, a karɓo na can da yamma. An yi irin wannan a Indiya a farkon shekarun 2000 da tsarin DakNet, inda motocin safa ke ɗauke da na'urar da ke kwashe saƙonnin ƙauyuka idan sun tsaya. Garin da jirgin ƙasa daga Kano ya iso tun 1930, ya kuma yi shekaru yana aika gyaɗa da fatu da ƙaro da dabbobi Kudu yana karɓo wasiƙu, ba sai an koya masa saƙon da ke bin ƙafar abin hawa ba.

Mai allo

Duk allon da ya rayu a tarihin wannan fasaha, mutum guda ne ya raya shi. Turawa na kiransa sysop, a nan sai a ce mai allo. Shi ke tantance sababbin shiga, ya goge zagi da talla, ya duba batir, ya yi kwafin ajiya, ya amsa tambayar wanda ya manta kalmar sirrinsa a karo na biyar. Galibin masu allunan Amurka da Turai da kuɗin aljihunsu suka yi, kuma da yawan allunan sun rufe ne ranar da mai su ya gaji ko ya ƙaura.

Ikonsa ma abin dubawa ne. A irin waɗannan manhajoji mai allo na iya karanta hatta saƙon da mutum ya aika wa wani a keɓe. A ƙaramin gari, inda kowa ya san kowa, dole a faɗa wa jama'a wannan tun ranar farko. Gashuwa ta daɗe tana fama da yawaitar ciwon ƙoda, kuma ɗakin lafiya zai yi amfani wajen sanar da ranakun gwaji, amma sunan majinyaci ko sakamakonsa ba su da gurbi a kai. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk wanda ke tara bayanan mutane, Dokar Laifukan Intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024 kuma ta shafi abin da ake yaɗawa ta kwamfuta. Wanda ya fara sayar wa jama'a intanet ta kan na'urorin ya shiga hurumin lasisin NCC.

Sai batun tsaro, wanda ba za a kauce masa ba. Rufe sabis na 2013 da gangan aka yi shi, har a watan Yunin shekarar sojoji suka haramta wayar Thuraya a Borno. Hanyar sadarwar da ta tsiro a ɓoye a irin wannan lokaci za ta jawo wa mai ita zargi, kuma da hujja. Allon da zai tsira shi ne wanda aka kafa lokacin zaman lafiya, a fili, da sanin masarauta da ƙaramar hukuma da jami'an tsaro, masu rubutu a kai kuma sanannu ne da sunayensu. Ko da hakan, hukuma na iya cewa a kashe shi, kuma sai an kashe.

Akwai iyakar da ba a iya ɓoyewa. Allo na mai karatu ne, alhali yawancin hirar WhatsApp a Arewa da murya ake yin ta, kuma masunci ko makiyayin da ya fi kowa buƙatar labarin ruwa ba lallai ya karanta boko ba. Ana iya ajiye saƙon murya a rumbun fayil, da Hausa ko Badanci ko Manganci ko Fulatanci, ana kuma iya buga sanarwar ranar a takarda a manna a bakin kasuwa, ko a miƙa ta ga mai shela. Ba zai maye gurbin rediyo ko waya ba, kuma matashin da ya saba da TikTok ba zai ga abin sha'awa a cikinsa ba sai ranar da ya rasa komai.

Najeriya na da misalan da za a duba. Cliff Missen na Jami'ar Iowa ya koyar a Jami'ar Jos a 1999, ya ga yadda rashin intanet ke tauye malamai, daga nan aka samar da eGranary, wato rumbun littattafai da shafuka miliyoyi a kan faifai guda da ake ɗorawa a kwamfutar makaranta. A Kafanchan gidauniyar Fantsuam ta gina hanyar sadarwar al'umma mai suna ZittNet da ke aiki da sola. A Kano cibiyar CITAD ta daɗe tana horar da matasa kan kafa irin waɗannan hanyoyi tana kuma neman gwamnati ta yi musu tsari.

Garuruwan biyu ba su rasa inda za a ajiye allo ba. Gashuwa na da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman. Nguru na da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da kwalejin kimiyyar lafiya da ta ilimi da shari'a. Makaranta ta fi ɗaiɗaikun mutane dacewa saboda tana da gini da mai gadi da ɗaliban da ke sabuntuwa kowace shekara, sai dai tana da nata ciwon: ɗalibin da ya kafa allon zai kammala ya tafi bautar ƙasa da kalmar sirrin gudanarwa a kansa. Don haka tun ranar farko masu allo su zama biyu, ɗaya ma'aikaci ɗaya ɗalibi, a kuma rubuta saitin gaba ɗaya a littafi na takarda, da adireshin kwamfutar da lambobin matsayi da ranar da aka sayi batir, a ajiye shi a ofishin shugaban sashe.